Yawon sallah a Ƙofar Gamji da 'yar gadar Lugga

Ni fa ranar ban yi niyyar fita ko ƙofar gida ba. Kwana biyu da babbar sallah, nama ya zauna min a ciki, ga gajiyar gaishe-gaishe, na shimfiɗa darduma a falo na kunna fanka tunda an kawo wuta, nace yau ko sarki ya aiko ba na nan. Ban kai ga rufe ido ba sai ga su su uku sun jeru a kaina, kowa ya saka kayan sallarsa har da tabarau na roba, ita babbar ta riƙe 'yar jakarta kamar wata ma'aikaciyar banki, wai Abba kace yau zaka kaimu Gamji. Nace yaushe na faɗa? Madam daga kicin tace Abbansu kai ka faɗa da bakinka tun kafin a ga wata, ni shaida ce, kuma alƙawari kaya ne. Shikenan an gama da ni. Kafin in gama saka hula har an cika kula da soyayyen nama da cincin, an zuba zoɓo a gora, an naɗe tabarma, ashe tun safe aka shirya min tarkon.

Motar tana wajen bakanike tun kafin sallah, wannan labarin wata rana ne, don haka keke muka tara. Mai keken da ya ga yara da kwalliya ya faɗi wani kuɗi da sai da na sake tambayarsa ko Zariya yake nufin zai kaimu. Muka yi ta ja-in-ja, yace Alhaji sallah ce fa, nace ni ma ai sallar nake, a ƙarshe dai muka daidaita ba don na ji daɗi ba.

Wanda bai san Kaduna ba, wurin yana can gefen Kabala ne a bakin kogi, ka bi ta wajen Kwalejin 'Yan Sanda ka gangara titin da ake ce wa Swimming Pool har ƙarshensa, titin da kansa zai kai ka bakin get. A takarda sunan wurin General Hassan Usman Katsina Park, amma don Allah gwada ce wa mai keke ya kai ka can ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Gamji Get, ko Ƙofar Gamji, ko Gamji kawai, haka kowa ya sani, haka muka taso muka ji.

A Kabala aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, mu tara ne masu haya in ban manta ba, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Baba yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri lokacin da masaƙu ke masaƙu, ya hau kekensa da asuba ya tsallaka gada, ya dawo da ƙurar auduga a gashin kai. Gamji a wurinmu ba wani wurin yawon buɗe ido ba ne, bayan gida ne kusan, in an taso makarantar allo mu zarce can mu laɓe a gefe muna leƙen masu kuɗin shiga, wata rana mai gadi ya kore mu wata rana ya kau da kai. Ranar sallah ce kawai muke shiga ta ƙofa da tikiti a hannu kamar mutanen kirki, Baba ya saya mana rake ya zauna a gindin bishiya da rediyonsa, yace duk wanda ya je bakin ruwa sai na karya masa ƙafa. Bai taɓa karya ta kowa ba, amma kuma ba wanda ya taɓa zuwa bakin ruwan yana kallo.

To yanzu ga ni ni ne Baban, da kula a hannu.

Abin da zaka fara ji in ka shiga shi ne sanyi. Ba sanyin komai ba ne illa na inuwa, manyan itatuwa ne tsofaffi waɗanda mutum biyu ba za su rungume wasunsu ba, ga iskar da ke tasowa daga kogi, kuma da yake damina ta fara sauka ciyawa ta yi shar. A garin da kullum ake sare bishiya a kafa shago ko gidan mai, samun fili mai wannan girman da za ka shimfiɗa tabarma ba wanda zai ce maka tashi zan yi fakin, ai ba ƙaramin abu ba ne. Mutane kuwa ba a magana. Iyalai kashi-kashi, 'yan mata da lalle da sabon leshi suna ta selfi, samari an ci shadda an kafa hula ana zagaye ba inda za a je, masu hoto da kyamara a wuya suna bin mutane duk da kowa da wayarsa, mai ayis kirim yana ta matsa ƙahonsa, mai gugguru, mai tsire hayaƙi na tashi, wata mata da bokitin awara an kewaye ta, can kuma dije ya saki lasifika kamar da shi da kunnuwanmu akwai tsohuwar gaba.

Yara dai ba ruwansu da inuwa. Lilo suka nufa, daga lilo sai zamiya, daga zamiya sai wannan balan-balan ɗin da ake hura wa iska a shiga a yi ta tsalle, kowanne da layinsa kowanne da kuɗinsa, ni kuma na zama banki. Akwai ɓangaren wasan ruwa, nan ne aka yi rigima don madam tace ba wanda zai jiƙa mata kayan sallah, na tsakiyan ya kwanta a ƙasa yana birgima, wanda hakan ya ɓata kayan fiye da yadda ruwan zai ɓata su, amma ban ce komai ba, ina son zaman lafiya. Wani yaro ya zo da doki an yi masa ado ana hawa a zagaya a ɗau hoto, autana ya nace sai ya hau, ana ɗora shi dokin ya yi atishawa, sai ihu, a sauke ni a sauke ni. Kuɗin dai an riga an biya.

Abu ɗaya da ya ɓata min rai, kuma wannan laifinmu ne mu masu zuwa, leda. Mutum ya sha fiya wata ya yar a inda yake zaune, ya ci nama ya bar takarda da tsinke, ga kwandon shara taku biyar daga inda yake. Iska ta kwasa ta kai kogi. Na ga wani dattijo da tsintsiya da buhu yana bi yana tsincewa a tsakiyar mutane, ko sannu ba wanda ya ce masa. Na sa yarana suka tattara namu, babbar tana ƙunƙuni wai ai ba mu kaɗai muka zubar ba.

Daga nan sai wajen kada. In ka zo Gamji baka ga kada ba ai baka zo ba. Muna yara ina tuna har da jimina da wani ƙaton kunkuru da muke rantsuwa ya girmi kakanmu, amma kada shi ne mai gida. Muka leƙa ta saman katanga, yana kwance a gefen ruwan baki a buɗe, ko motsi, kamar an sassaƙa shi da siminti. Na tsakiyan yace Abba wannan na roba ne. Nace ba na roba ba ne, haka suke yi, in zafi ya dame su sai su hangame baki su sha iska, kuma suna iya daɗewa ba su ci komai ba shi ya sa ba sa wahalar da kansu. Bai yarda ba. Wani saurayi a gefenmu ya ɗauki tsakuwa zai jefa don ya motsa, wata tsohuwa ta daka masa tsawa, kai ɗan nan ka ji tsoron Allah me ya yi maka, ya yar da tsakuwar yana sosa ƙeya. Muna shirin tafiya sai kadan ya lumshe ido ɗaya ya buɗe, a hankali, yaron ya ƙanƙame min riga. Na dubi ɗan ruwan da yake kwance a gefensa, na dubi kogin da ke can bayan itatuwa, nace lallai wannan shi ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Garin nan kaf sunansu ya ci, abin da aka fi faɗa kenan, kada, kadduna, Kaduna, saboda yawansu a kogin a da, ko da yake Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwari kuma su aka tarar a wurin tun kafin Bature, suna cewa daga kalmarsu ce ta kogi sunan ya fito. Ko wanne ne dai, yau in yaron Kaduna yana son ganin kada sai an saya masa tikiti.

Gadar kuma ba nemanta muka yi ba, hanya ce ta bi da mu. 'Yar ƙaramar gada ce ta ƙarfe da katako, da abin dafawa hagu da dama, faɗinta mutum biyu su gifta juna da kyar, tsawonta kamar mita 14, ni na ƙirga takuna ashirin da 'yan kai na fita ɗaya gefen. Wallahi na haye gadar nan ya fi sau ɗari ina yaro, mun yi tsere a kanta, mun yi lilo da ƙarafunanta, ban taɓa tambayar daga ina ta zo ba, a zatona an yi ta ne don masu ɗaukar hoton aure. Ranar ma wasu ango da amarya ne a kai, mai hoto yana ta ce wa angon ya dafa ƙarfe ya kalli sama, muka tsaya jira. Sai babbar tawa, ita da komai sai ta karanta ko takardar ƙosai ce, tace Abba wai gadar Lugga ce, waye Lugga, kuma ina gadar take zuwa?

Tambaya ta biyun ce ta ba ni dariya, don gaskiya ba inda take zuwa, daga nan zuwa nan ne, kana iya zagayawa ta gefe ma ka riga wanda ya hau isa. Amma ta farkon sai da na zauna.

Asalinta ba 'yar Kaduna ba ce. A Zungeru aka kafa ta, can jihar Neja ta yanzu, a 1904. Lugga, wato Frederick Lugard, shi ne Baturen da ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900 yace daga yau Arewa tana ƙarƙashinsu, alhali a lokacin ko Kano bai taɓa gani ba. Ya ɗan zauna a Jebba, a 1902 ya mayar da hedikwatarsa Zungeru, daga nan aka shirya rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a suka bi shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. To shekara ɗaya bayan wannan aka yi 'yar gadar nan, don Lugga ya riƙa tsallaka wani rafi daga gidansa zuwa sauran barikin. Ka ga kenan takalman da suka fara taka ta, masu su ba su daɗe da dawowa daga yaƙi da kakanninmu ba. Na tsaya ina kallon ango yana gyara babbar riga a kai ina wannan lissafin, abin ya yi min wani iri.

Zungeru kuma ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar nan ko da yake yanzu ba a cika jin ɗuriyarsa ba sai in ana maganar dam ɗin wuta. A can aka haifi Nnamdi Azikiwe, a 1904 ɗin nan dai, shekarar gadar, babansa akawu ne a wajen Turawa. Ojukwu ma a can aka haife shi a 1933. Amma wurin bai yi wa Turawa ba, zafi, sauro, ga shi a gefe. Da Lugga ya dawo daga Hong Kong a 1912 ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai hankalinsa ya koma kan wani fili a bakin kogin Kaduna inda layin dogo ya tsallaka, ga ruwan sha, ga jirgin ƙasa zuwa Ikko da Kano, kuma ba a cikin birnin wani sarki ba balle a yi ta karo da fada. Sojoji suka fara tarewa, a 1917 hedikwata ta dawo gaba ɗaya, shi ya sa har gobe ake ce mana garin gwamna. Daga baya aka kwance gadar aka ɗauko ta aka sake ɗaura ta a lambun nan, a 1956 kuma hukumar kula da kayan tarihi ta saka ta cikin abubuwan tarihi na ƙasa, tun kafin a samu 'yancin kai da shekara huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki, kogin da ke wucewa ta bayan Gamji shi ne dai yake gangarawa ya bi ta Shiroro ya wuce ta Zungeru kafin ya faɗa kogin Kwara, wato ruwa yana tafiya can ita kuma gadar ta yo nan.

Ba duka na faɗa wa yarinyar ba, na taƙaita mata. Tace to Abba in mugu ne me ya sa aka ajiye gadarsa? Madam tace to Malam sai ka amsa. Nace mata ba don ana sonsa aka ajiye ba, ko tabon da ke goshinki na faɗuwa daga kan keke ai ba sonsa kike ba amma in an tambaye ki kina da labarin bayarwa. Ta taɓa goshin tace ita dai da za a goge mata da ta fi so. Ban da amsar wannan.

Ni a ganina ma ajiye ta a nan ya fi a kai ta gidan tarihi na titin Ali Akilu a kulle a kewaye da igiya. Sau nawa ka kai yaranka gidan tarihi, tsakani da Allah? Ni sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma makaranta ce ta kaimu. Amma nan ko ba ka so sai lilo ya jawo ka, ɗanka ya taka katakon da ƙafarsa, wata rana ya yi tambaya. Illa dai da za a samu wani ya tsaya a wurin ranakun sallah da Kirsimeti yana ba yara labarin da Hausa, ko ɗaliban tarihi ne masu hutu, da an ci riba biyu, don yawancin masu hawa ba su san ta girmi garin ba.

Sai da muka koma tabarma ina cin nama na lura da wani abu, sunaye uku ne a wurin nan kuma a jere suke kamar yadda suka yi mulki a garin. Gada ta Lugga. Ƙofa ta Gamji, wato Sardauna Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa daga 1954, wanda ake yi wa kirari da Gamji ɗan ƙwarai. Su yaran yanzu sun ɗauka Gamji sunan wuri ne kawai, ba su san bishiya ba ce, dangin su ɓaure da ceɗiya, mai faffaɗan ganye da ƙaton jiki da inuwar da gari guda zai zauna a ƙarƙashi, shi ya sa aka laƙaba masa. A garin nan sojoji suka kashe shi daren 15 ga Janairu 1966 a gidansa, inda Arewa House take yanzu. Wanda aka naɗa gwamnan soja na Arewa bayan kashe shi kuwa shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, Ciroman Katsina, yana da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, ya riƙe har 1967 da Gowon ya yanka ƙasar jiha 12. Mutumin doki ne da folo, ya rasu a 1995, sunansa ne a allon bakin get. Baba Allah ya jiƙansa in ana hirar wancan lokacin cewa yake Hassan ne ya riƙe Arewa lokacin da kowa ya ruɗe. Hukuma ta ba shi lambun, bakin mutane kuma ya ƙi sakin Gamji, kuma ban jin shi kansa zai ji haushin hakan.

Bayan la'asar na ce bari in ɗan taka bakin ruwa, abin da aka hana ni ina yaro. Kogin ya fara cika, ruwan ja-ja-ja da laka irin na farkon damina, wani mai kwalekwale can tsakiya yana jefa taru, tsallake kuma ana hango rufin gidaje. Mutanen Kabala sun san halin ruwan nan, lafiya-lafiya da rani har ka ga duwatsu a tsakiya yara na tsalle a kai, amma in ya tashi kamar 2003 da 2012 sai ya shigo har ɗaki. Duk ɗan Kaduna kuma ya san ruwan nan ba gari kawai ya raba ba. Tun rikicin 2000, aka ƙara da na 2002, aka ƙara da na 2011, mutane suka yi ta kwashe kaya, Musulmi suka yo arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, su Sabo da Television da Narayi da Romi. Gidanmu na haya mai mutum tara, huɗu Kirista ne. Cikin sati biyu a shekarar 2000 ɗakunansu suka zama kango, ba wanda ya kore su a gidan, Baba ma shi ya kwana a bakin ƙofa da tabarya, amma tsoro ba ya jin lallashi. An yi sababbin gadoji tun daga lokacin, har da wadda ta haɗa Kabala da Barnawa, mota tana wucewa cikin minti biyu, amma akwai yaran da aka haifa suka girma suka yi aure ba su taɓa kwana a ɗaya tsallaken ba.

Ina tsaye ina wannan tunanin sai na ji an kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar Inna, sunan wasa na yarinta wanda ba zan rubuta a nan ba ko za a yanka ni. Na juya. Wata tsohuwa ce a kan kujerar roba da ɗankwali da sanda, jikoki sun kewaye ta. Mama Tisha. Ɗakinta ne na uku daga namu, malamar firamare ce, ita ta koya min karatun agogo, ita ke aiko mana da shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, kuma saboda mu takan kawo kazar Baba ya yanka mata tukuna. Na durƙusa har ƙasa nace Mama ina wuni, ta kama kunnena kamar yadda take yi da, tace ɗana kai ne ka yi wannan tumbin? Ina Maman ku? Nace Mama ai Inna ta rasu shekara shida kenan. Ta saki kunnen. Ta yi shiru ta daɗe, sannan tace ba wanda ya faɗa min, da na zo ko da rarrafe ne. Tsakaninmu da inda take zaune yanzu bai fi tafiyar minti ashirin a keke ba.

Tace duk sallah sai ta sa an kawo ta nan, wai jikoki ne ke son lilo, amma ita tana zama ne tana duba fuskoki ko za ta ga 'yan tsohuwar unguwa, bara ta ga mutum biyu. Na kira madam da yara suka gaishe ta, ta bi su ɗaya-ɗaya tana cewa wannan hancin Baban ku ne, wannan kuma Inna ce sak har tafiyar. Madam ta juye sauran naman kula gaba ɗaya a leda ta ba ta, tace Mama ga naman sallah, ta karɓa ba ta yi wani a'a-a'a ba, tace shekara ashirin da wani abu rabona da naman layyan gidanku, Maman ku tana saka citta da yawa. Jikanta ya saka min lambarta a waya, ta ce in ban zo Kirsimeti ba za ta zo da kanta ta ja kunnen a gaban matata.

Kafin mu gama sallama yaran sun ɓace, nawa da nata. Muka bi sawu, can muka same su a gadar Lugga, ango da amarya sun tafi, su bakwai sun mayar da ita filin tsere, a ruga a taɓa ƙarfen can gefe a dawo, katako yana ta ƙara a ƙarƙashinsu, wani ma'aikaci yana ɗaga musu hannu a hankali a hankali kar ku karya mana kayan tarihi. Da kyar muka raba su, autana yana kuka wai bai gama ba saura zagaye ɗaya.

A bakin get magariba ta kawo kai, keke ya yi wuya, wanda muka samu ya faɗi kuɗin da ya fi na zuwa. Na buɗe baki zan fara, madam tace Abbansu don Allah biya kawai mu tafi, yaran nan sun yi barci a tsaye.